Yaya za a ƙara wa gasar Home Run Derby armashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da na fara bin wasan besbol na Amurka. Na raba dare na kalli Home Run Derby, gasar da ake tara gwanayen bugu takwas su yi ta tsallakar da ƙwallo bayan katanga. Minti ashirin na farko na ji daɗi, daga nan sai na ga abu ɗaya ake ta maimaitawa har barci ya kwashe ni. Ni ne ban gane wasan ba, ko gasar ce ke buƙatar gyara? In gyara ne, ta ina za a fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari. Gasar da ake buɗewa ƙarfe takwas na dare a gabashin Amurka, a Najeriya da Nijar ƙarfe ɗaya ne na dare, don haka wanda ya hana idonsa barci saboda ita yana da bakin yin ƙorafi. Kuma ƙorafinka a kan hanya yake. Su kansu shugabannin hukumar MLB, mai kula da babbar gasar besbol ta Amurka, sun san da matsalar, shi ya sa tun 1985 da aka fara gasar a Minneapolis, inda Dave Parker ya lashe da bugu 6 kacal, ba su daina taɓa dokokinta ba.

Bari in fara da ƙashin bayan maganar. Katangar filin besbol tana da nisan ƙafa 330 ko kusa da haka ta gefuna, wato kamar mita 100, ta tsakiya kuma wajen ƙafa 400, mita 122 ke nan. Idan gwani ya sami ƙwallo a tsokar kulki, takan tashi da gudun da ya haura kilomita 160 a awa, ta luluƙa sama, ta ɗauki sakan 5 zuwa 6 kafin ta faɗa cikin 'yan kallo. To waɗannan sakan biyar ko shida su ne gasar. A cikinsu ne mutum dubu arba'in ke miƙewa tsaye, kowa ya ɗaga kai, za ta kai ko ba za ta kai ba, in ta kai ina za ta sauka. Ƙarar kulki, ɗan shirun da ke biyo baya, sannan fili ya kaure. Dokar da ta bar ido ya raka ƙwallo har masaukinta ta yi wa mai kallo adalci. Wadda ta sa aka jefo ta biyu tun ta farko tana sama, ta ƙwace masa abin da ya zo gani. Da wannan mudu nake auna duk wani gyara da aka kawo.

Daga 1991 zuwa 2013 ba agogo ake sa wa ɗan wasa ba, kuskure ake ƙirga masa. Duk bugun da bai tsallake katanga ba kuskure ne, in ya cika goma sai ya sauka. Kyawun tsarin shi ne ba shi da iyaka: muddin kana tsallakarwa ba mai tsayar da kai. Shi ya haifar da daren da har gobe ake labarinsa, na 2008 a tsohon filin Yankee da ke New York, inda Josh Hamilton ya buga 28 a zagayen farko, 13 daga ciki a jere ba ko kuskure ɗaya. Wanda ke jefa masa ƙwallon wani dattijo ne mai shekara 71, Clay Counsil, da ya saba yi masa jifan atisaye tun yana saurayi a jihar North Carolina. Tsakanin bugu da bugu Hamilton yakan ja da baya, ya yi murmushi, ya share gumi, fili ya ɗauki kiran sunansa. Kowace ƙwallo an gan ta tun daga tashi har sauka, shi ya sa ta zauna a zukatan mutane.

Sai dai tsarin yana da ciwo. Ƙyale jifa ba a ƙirga shi a kuskure, don haka 'yan wasa suka koyi tsayawa suna kallon ƙwallo tana wucewa, huɗu, biyar, shida, suna jiran wadda ta faɗo musu a hannu. Gasa ta riƙa jan ƙafa har mai kallo ya ƙosa. Ga kuma batun share lissafi a zagayen ƙarshe: a daren nan Hamilton ya tashi da 35 jimilla, Justin Morneau yana da 22, amma Morneau ne ya ɗauki kofi da ci 5 da 3, saboda Hamilton ya riga ya zubar da ƙarfinsa. Abin ya kai maƙura a 2014, aka yi ta jiran ruwan sama ya ɗauke, aka rage kuskure zuwa bakwai, Giancarlo Stanton ya daɗe a zaune har jikinsa ya yi sanyi, Todd Frazier ya fitar da shi da ci 1 da nema. Gasar ƙarfi a ce an tashi 1 da nema!

Shekara na zagayowa aka kawo agogo da tsarin sili-ɗaya-ƙwale, a Cincinnati. An shirya minti biyar ga kowa, hadari ya sa aka rage zuwa huɗu, sai ragin ya zama alheri. Frazier, ɗan ƙungiyar garin, yayansa Charlie na jefa masa, ya doke Joc Pederson 15 da 14 a gaban mutanensa. A gaskiya agogo ya ceci gasar a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka yi murna. Shekarun da suka biyo baya sun ba da abin tunawa: Stanton da 61 a San Diego a 2016, Aaron Judge a Miami a 2017 da bugu mai nisan ƙafa 513, Bryce Harper a Washington a 2018, sai karon battar Vladimir Guerrero ƙarami da Pederson a Cleveland a 2019, wanda sai da aka raba gardama sau uku kafin a tashi 40 da 39.

To amma garin neman ƙiba aka samo rama. Agogo ya koya wa 'yan wasa cewa wanda ya fi yawan kai bugu shi ke da galaba, sai kowa ya koma sauri. Tun farko akwai dokar cewa mai jifa ya jira ƙwallo ta faɗi kafin ya sake jefawa, kuma a 2018 an yi ta ƙorafin cewa mahaifin Harper bai jira ba lokacin da ɗansa ya kamo Kyle Schwarber ya wuce shi 19 da 18. A aikace ba a tsaurara dokar ba, sai ta zama a takarda kawai. A 2023 a Seattle, Julio Rodríguez ya buga 41 a zagaye ɗaya cikin minti huɗu. Yi lissafi: sakan 240 a raba wa 41, bai cika sakan shida ba ga kowace, ban da waɗanda ya kuskure. Ƙwallo biyu suna sama lokaci guda, mai kyamara bai san wadda zai bi ba, mai sharhi ya koma ƙirga kamar yaro a makaranta. A daren an tsallakar da 341. Tambayi wanda ya kalla ya kwatanta maka guda uku daga ciki, da wuya ya iya. Zuma ma in ta yi yawa ginsa take yi. Wannan ne ya sa ka barci, ɗan'uwa.

A 2024 aka yi gyara rabi da rabi. Aka ce zagaye minti uku ne ko jifa 40, duk wanda ya riga ƙarewa, na ƙarshe kuma minti biyu ko jifa 27. Jifa 40 cikin sakan 180 sakan huɗu da rabi ne ga kowane, har yanzu bai kai tafiyar ƙwallo ɗaya a sama ba. Amma sun ƙaro abu guda mai kyau ƙwarai: bayan agogo ya tsaya, ana ba ɗan wasa lokacin ƙari da ba agogo, sai ya yi kuskure uku, in ya buga mai nisan ƙafa 425 a ƙara masa ɗaya. Duba inda daɗin ya koma. A wasan ƙarshe na shekarar a Arlington, Teoscar Hernández yana da 14, Bobby Witt ƙarami yana da 13, saura masa kuskure ɗaya. Ya buga, ƙwallo ta nufi tsakiya, kowa ya riƙe numfashi, ta je ta daki katanga ba ta tsallake ba. Bugun da ma bai ci ba, amma ya fi yawancin waɗanda suka ci a daren zama a rai, don an ba shi lokacinsa.

In kana son hujjar da ta fi wannan, ga ta. A 2025 a Atlanta, washegarin gasar, wasan taurari na All-Star ya tashi 6 da 6, aka raba gardama karo na farko da bugun tsallake katanga: mutum uku daga kowane ɓangare, kowa bugu uku. Schwarber ya shigo ɓangarensa na baya, ya kai bugu uku, duka ukun suka tsallake, na ƙarshen har ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Aka tashi 4 da 3. Haka aka yi a Denver a 2021, da Juan Soto da Shohei Ohtani suka yi kunnen doki 22 da 22, suka sake 28 da 28, aka ba su bugu uku-uku, Soto ya tsallakar da duka. Duk mai kallon ƙwallon ƙafa ya san wannan yanayi, shi ne na bugun fenariti bayan ƙarin lokaci. Da za a ce kowane ɗan wasa ya buga fenariti arba'in cikin minti uku, da gidan kallo ya watse. Ƙarancinsa da jiransa su ne suka ba shi daraja.

Saboda haka ga abin da zan yi da wuƙa da nama suna hannuna. Zan cire agogon zagaye, in koma ƙirga bugu. Kowa a ba shi damar kai bugu sau 15 a zagayen farko, ya tsallakar ko ya kuskure, bayansu a bar masa wancan lokacin ƙari na kuskure uku, don a bar ƙofa a buɗe ga wanda hannunsa ya yi zafi irin na Hamilton. Ba a jefa ƙwallo sai wadda ta gabace ta ta faɗi, alƙali ya ɗaga hannu, daga nan mai jifa yana da sakan goma. Wannan ba baƙon abu ba ne gare su, tun 2023 suke wasa da agogon jifa a kowane wasa na kaka. A lissafina mutum ɗaya zai ci minti biyar zuwa shida, takwas ɗin su gama cikin kamar minti 45, ban da talla.

Za ka ce to ai tsohon ciwon zai dawo, na tsayawa ana kallon jifa yana wucewa. Maganinsa yana nan tun kafin a haifi dukan 'yan wasan yanzu. Sunan gasar ya samo asali ne daga wani shirin talabijin da aka ɗauka a wani ƙaramin fili a Los Angeles, aka haska a 1960, inda su Mickey Mantle da Willie Mays da Hank Aaron suke karawa bibbiyu. Wanda ya ci yana karɓar dala 2,000, wanda aka doke dala 1,000. A shirin nan akwai alƙali a bayan mai bugu, kuma idan jifa ya zo daidai ka ƙi bugawa, an ƙirga maka kuskure. Shi ke nan, doka ɗaya ta kashe matsalar. Yau ma abin ya fi sauƙi, domin akwai na'urar da ke tantance ko jifa ya shiga gurbi, an ma yi amfani da ita a wasan All-Star na 2025. Jifa mara kyau ka ƙyale, ba laifinka. Mai kyau ka ƙyale, ya tafi cikin goma sha biyar ɗinka.

Wani abin da zan aro daga shirin 1960 shi ne karɓa-karɓa. Su a can mutum biyu suna musanya ne, wannan ya yi kuskure uku ya ba wancan, har zagaye tara, kamar wasan besbol na ainihi, wanda ba ya bugu kuma ya zauna kusa da mai gabatarwa suna hira a kan abin da abokin karawarsa ke yi. Yadda ake yi yanzu, na farko ya buga nasa duka ya koma gefe, na biyu ya zo ya bi adadi. Rabin wasan ƙarshe ke nan ba a san ma'anar abin da ake gani ba: 18 da yawa ne ko kaɗan? Sai na biyu ya fara kafin a sani. Ni zan mai da wasan ƙarshe bugu biyar-biyar sau uku, suna musanya. Wannan ya yi huɗu, wancan ya zo ya yi biyar, na farko ya dawo da bashi a kansa. Suna kallon juna, suna hutawa a tsakani, kowane bugu yana canja lissafi. Da an yi haka a 2019, da Guerrero bai shiga wasan ƙarshe a galabaice ba. Ya tsallakar da 91 a daren, Pete Alonso 57, amma Alonso ne ya ci 23 da 22.

Game da zagayen farko, ina goyon bayan yadda aka yi a 2024 da 2025, kowa ya buga, huɗun sama su wuce. Sili-ɗaya-ƙwale tun daga farko yana cutar mutum ba gaira ba dalili. A 2023 Adley Rutschman ya buga da hagu, ya sauya zuwa dama a lokacin ƙari, ya tashi da 27, Luis Robert ƙarami ya fitar da shi da 28, alhali Guerrero ya wuce da 26, Randy Arozarena da 24. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake raba kunnen doki. A 2025 Cal Raleigh da Brent Rooker suka yi 17 da 17, aka duba wanda bugunsa ya fi nisa: ƙafa 470.61 da 470.53, tazarar da ba ta cika inci ɗaya ba. Kuma wannan nisa ƙiyasi ne na na'urar Statcast, ba wanda ya ja igiyar awo. Ga mutum biyu a tsaye da kulki a hannu, ga fili cike, sai a ce kwamfuta ta raba? A ba su bugu uku-uku mana. An zubar da lokaci mafi daɗi a daren don a ceci minti biyar.

Rage yawan bugu zai taɓa wata matsalar da ta fi dokoki girma, wato ƙin shigar manyan taurari. Mike Trout bai taɓa shiga ba. Judge sau ɗaya ya shiga, ya ci, ya kuma nuna cewa sai dai in an kawo gasar New York zai sake. Ohtani ma a 2021 ya shiga, duk wanda ya kalla ya ga yadda ya dafa gwiwoyi yana haki a Denver, garin da ke kan tudu mai tsayin mita 1,600. A tsarin 2024 mai zuwa wasan ƙarshe yana iya fuskantar jifa 107 ban da lokacin ƙari, kuma kowanne da iyakar ƙarfinsa yake kai masa bugu, a tsakiyar kaka mai wasa 162. Ba kocin da zai so haka ga ɗan wasan da ƙungiya ta dogara da shi. A tsarin da na kawo, zakara zai tashi da bugu hamsin ko sittin. Kuɗi kuwa ba su ne maganin ba. Tun 2019 wanda ya ci yana karɓar dala miliyan ɗaya, kuma ga Alonso a shekarar, da albashinsa yake dala 555,000, kyautar ta kusa ninka abin da yake samu. Amma Judge kwantiraginsa dala miliyan 360 ne a shekara tara, Ohtani miliyan 700 a shekara goma. Ohtani ma rabar da dala 150,000 da ya samu a 2021 ya yi ga ma'aikatan ƙungiyarsa. Irin waɗannan abin da zai jawo su shi ne a tabbatar musu ba za su tashi da ciwon kafaɗa ba, sannan a ɗaura kyautar a kan abin da ke taɓa zuciyarsu, kamar gina fili ga yaran garin da suka taso.

Akwai kuma camfin cewa gasar tana lalata bugun mutum. Misalin da ake yawan kawowa Bobby Abreu ne, wanda ya buga 41 a Detroit a 2005: a wasannin kaka, kafin hutun tsakiyar kaka da ake yin gasar a cikinsa, ya tsallakar da 18, bayan hutu ya ƙara 6 kawai. Ni ban gamsu ba. Waɗanda ake gayyata su ne waɗanda suka yi rabin kaka fiye da yadda suka saba, don haka ko sun shiga ko ba su shiga ba, yawancinsu za su ɗan sauko zuwa matsayinsu na asali. Alonso ya ci gasar a 2019 ya ƙare kaka da 53. Raleigh ya shiga da 38 a 2025, ya ci, ya ƙare da 60. Gajiya gaskiya ce, ita nake so a rage. Camfin kuwa ba shi da tushe.

Kada a manta da mai jifa, domin rabin nasara a hannunsa take. Ba daga inda ake jifa a wasa yake tsayawa ba, yana matsowa kusa, a bayan raga, yana jefawa a hankali, kuma aikinsa ya sa ƙwallo a wuri ɗaya sau talatin a jere. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi, amma da fili cike da kyamara a kanka, hannu rawa yake yi. Alonso ya ci ta 2021 ne da jifan Dave Jauss, kocin da ke sa ƙwallo inda aka ce masa kamar da hannu yake ajiyewa. Wasu suna cewa a kawo inji ko a ba kowa mai jifa ɗaya don adalci. Allah ya kiyaye. Robinson Canó da mahaifinsa José a 2011, Harper da mahaifinsa, Raleigh da mahaifinsa na jifa ƙaninsa ɗan shekara 15 yana tsugune a baya yana cafkewa, waɗannan su ne ke sa wanda bai san besbol ba ya tsaya ya kalla. Agogo ne ke azabtar da uban da hannunsa ya ɗan kauce, don kowane jifa mara kyau yana cinye wa ɗansa lokaci. Idan bugu ake ƙirgawa, jifa mara kyau ba ya cin komai, uba ya ja numfashi ya sake.

Batun nisa na daɗe ina juya shi. Gaskiya ne akwai rashin daɗi a ce bugun Oneil Cruz mai ƙafa 513 a Atlanta, ko na Soto mai 520 a Denver, maki ɗaya ne da wanda ya shafi kan katanga ya faɗa layin farko. Duk da haka ba na son a shiga ba da maki biyu da uku. Dokar da ba za ka iya bayyana wa maƙwabcinka a numfashi ɗaya ba ta yi yawa, kuma dokokin 2024 sun riga sun kusa kai wa nan. A bar nisa ya riƙa sayo ƙarin bugu, kamar yadda aka yi a 2024 da 2025, sai dai a daidaita ma'aunin da filin, domin ƙafa 450 a iskar Denver ba ɗaya take da 450 a bakin teku a San Francisco ba. Kulkin ƙarfe da wasu ke kira a kawo don ƙwallo ta ƙara nisa, ban yarda ba ko kaɗan. Akwai yara a cikin fili suna tsintar ƙwallo, kuma a 2023 wani bugun Guerrero mai tafiya a miƙe ya sami yaro a ka. Wannan ma wani dalili ne na jiran ƙwallo ta faɗi: yaron da ya ɗaga kai yana bin ta farko bai ga ta biyu ba. Alamomin da ake kafawa a fili a ci maki in an dake su, da ba wa masu cafkewa maki, sun dace da Home Run Derby X da hukumar ta fara a 2022 a Landan da Seoul da birnin Meziko don jawo sababbin masu kallo. A bar su can.

Masu haskawa a talabijin su ma da nasu. A daina raba allo gida biyu, a bi ƙwallo ɗaya, a nuna inda ta sauka, a dawo kan fuskar mai bugu da ta wanda ke matsayi na huɗu yana jiran a ture shi. A rage surutu lokacin da ƙwallo take sama. In an ba su sakan goma sha biyar tsakanin bugu, duk wannan zai yiwu, har da nuna nisa da gudu ba tare da sun rufe hoton ba.

Abu biyu suka rage a kan wa za a gayyata. Dole a ware kujera ɗaya ga ɗan ƙungiyar garin da ke karɓar baƙi. A 2012 a Kansas City, Canó da yake kyaftin mai zaɓen 'yan ɓangarensa bai zaɓi Billy Butler na garin ba, mutane suka yi ta yi masa ihu har ya sauka bai tsallakar da ko ɗaya ba. Kwatanta da daren Frazier, ko na Harper, ko Julio a Seattle. Ɗan gida yana shigowa fili yake canja murya. Na biyu, a 2005 an gwada kowa ya wakilci ƙasarsa, Abreu ya ɗauki tutar Benezuwela, David Ortiz ta Jamhuriyar Dominika, Hee-Seop Choi ta Koriya ta Kudu, aka ga tutoci a ko'ina, sai aka watsar bayan shekara ɗaya. Ba sai an koma haka gaba ɗaya ba, amma kujera ɗaya ga gwanin bugu na gasar Japan ko ta Koriya za ta tayar da wata nahiya guda ta kalla. A ce a 2022, shekarar da Munetaka Murakami ya buga 56 a Japan, an tsayar da shi gefen Soto da Julio a Los Angeles. Kakarsu tana gudana a watan Yuli, sai an yi sulhu da ƙungiyoyinsu, amma abin da kwana uku ne ba zai gagara ba.

Kafin a kai ga gyaran, in Yuli ta zagayo kada ka zauna tun ƙarfe ɗaya. Kwanta da wuri, ka tashi wajen biyu da rabi zuwa uku, ka tarar da zagayen kusa da na ƙarshe, in tsarin 2024 da 2025 ake bi, ka fi sa ido a lokacin da agogo ya tsaya aka koma ƙirga kuskure. Sannan ka nemi bidiyon zagayen Hamilton na 2008 cikakke, ba yankakke ba, da na bugu ukun Schwarber na 2025, ka kalle su da sauti a buɗe.